Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Ganuwar Itatuwa ta Ƙasa: ku bar wa baƙin tsuntsaye gawonsu

Mai girma Darakta Janar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku da ke jihohi 11 na bakin hamada, na rubuto ne kan irin itatuwan da ake reno a gandayen dashe na shirin Great Green Wall, wato Ganuwar Itatuwa, da waɗanda ake bari a tsaye a gonakin mutane. Hujjata ta fito ne daga wasu ƙananan tsuntsaye da masana suka shafe shekaru suna bin sawunsu tsakanin Turai da ƙasarmu. Na san za a ce ina ruwan mai yaƙi da kwararowar hamada da tsuntsu. Ina roƙon ku yi haƙuri ku karanta, domin sawun nan da aka bi, a kan itatuwanmu ya ƙare.

Kowa a ƙasar Hausa ya san shamuwa. Da ta sauka kan tsamiya ta fara haɗa sheƙa, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. In kaka ta yi kuma ta kama hanyar kudancin Afirka. To daidai lokacin da take ban kwana, wasu baƙin ke shigowa cikin dare ba wanda ya yi musu maraba. Wani ƙiyasi da masana a Suwizalan suka fitar a 2009 ya nuna kimanin ƙananan tsuntsaye biliyan 2.1 ne ke barin Turai kowace kaka su nufo Afirka kudu da Sahara. Tsattsewa na cikinsu, ita kam muna ganin ta a sararin sama. Sauran kuwa, masu nauyin gram 8 zuwa 30, launinsu ƙasa-ƙasa ko toka-toka, cikin ganye suke wuni suna tsintar tsutsa da ƙwari. A Turai su ne masu raira waƙa da bazara, mutane na fita daji takanas don su saurare su. A wurinmu sun fi yin shiru, shi ya sa ban da yaro mai danƙo ba mai kula da su. Amma da yawansu watannin da suke yi a Afirka sun fi waɗanda suke yi a inda suke ƙyanƙyasa. Rabonmu a cikinsu bai gaza na Turawa ba.

An daɗe kafin a gane inda suke zuwa. A 1822 aka harbo wata farar shamuwar Turai kusa da garin Klütz a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Dabarar ta bazu ko'ina, sai dai tana da babban rauni: sai wani ya tsinci tsuntsun, ya iya karanta rubutun, ya kuma damu ya aika da labari. Cikin dubban da aka sa wa zobe a Turai, ɗaiɗaiku ne labarinsu ke komawa daga Afirka.

Abin da ya fara juyo da hankalin masana zuwa yankinmu ya faru ne a bazarar 1969. Masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun tarar kusan kashi uku cikin huɗu na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ba su dawo ba. An duba sheƙunansu, an duba maganin ƙwari, ba a ga dalili a gida ba. Da aka haɗa lissafin da na ruwan sama, sai aka ga damina ce ta gaza a Sahel a 1968. Farin da ya ci gaba har ya ƙarar da shanu da hatsin iyayenmu a 1973, tsuntsaye sun riga sun kai labarinsa Turai. Daga baya an sake ganin haka a wasu jinsunan masu zama a bakin fadama: shekarar da ruwa ya yi kyau a Afirka ta Yamma sai su koma da yawa, shekarar fari kuwa su ragu.

Yanzu an samu abin da ya fi zobe. Na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam ta yi wa waɗannan tsuntsaye nauyi, don haka aka ƙera wata 'yar na'urar auna haske da ba ta kai gram ɗaya ba, ana goya wa tsuntsu ita a baya da siririn zare ta cinyoyinsa. Ba ta aika saƙo ko'ina. Agogo ne da ido kawai a cikinta, tana rubuta lokacin da gari ya waye da lokacin da rana ta faɗi kowace rana. Duk wanda ya taɓa duba jadawalin shan ruwa da azumi ya san Maiduguri na riga Sakkwato da kimanin rabin awa, saboda ta fi ta gabas. Da wannan lissafin ake gano gabas ko yammacin inda tsuntsu yake. Tsawon wunin kuma shi ke nuna arewa ko kudu. Wahalar aikin ita ce dole a sake kama tsuntsun nan dai bayan shekara guda, a kwance na'urar, a zuba abin da ta tara a kwamfuta. In ya mutu a hanya, ko ya koma wani wuri, aikin ya tafi. Sakamakon farko a kan tsuntsaye masu waƙa ya fito ne a 2009, daga wata masaniya a Kanada, Bridget Stutchbury, wadda ta bi wasu daga Amurka zuwa Brazil da Amurka ta Tsakiya.

Abin da aka gani tun daga lokacin ya isa mutum ya yi tasbihi. Wani ɗan tsuntsu mai gram 25 da ke ƙyanƙyasa a Alaska yakan ratsa Asiya ya sauka a gabashin Afirka, tafiyar kusan kilomita 15,000, ya kuma koma. Ɗan'uwansa daga arewacin Kanada ya ƙetare tekun Atlantika ya zo Afirka ta Yamma. Masana a Jami'ar Lund ta Suwidin sun sa wa wani mai zama cikin ciyawar tafki na'urar da ke auna tsayi, suka bayyana a 2021 cewa in gari ya waye masa a kan Sahara bai sauka ba, yakan haura sama da mita 5,000, wani ma ya wuce mita 6,000.

Wanda ya fi shafarmu shi ne aikin da aka yi a gida. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wato APLORI, ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 2001 a gefen dajin Amurum. Masananta tare da takwarorinsu na Jami'ar St Andrews ta Sukotlan sun juya aikin: maimakon a sa na'ura a Turai a ga inda tsuntsu zai je, sai suka sa a gonakin Filato suka ga inda yake komawa. Tsuntsayen da ke maƙwabtaka a gona ɗaya sun watsu a faɗin gabashin Turai, wasu har Rasha. Sannan waɗanda suka rayu sun dawo, ba ma ƙauyen kawai ba, ɗan filin da suka bari bara. Masu farin maƙogwaron nan kuma an ga sukan fara yada zango a Sahel na makonni bayan sun ƙetaro hamada, sai ƙasa ta fara bushewa su gangaro Jos. Wato kafin su isa ko'ina, a yankin aikinku suke fara sauka.

Ranka ya daɗe, a nan ne ilimin na'urar ke tsayawa. Takan yi kuskuren kilomita 100 ko fiye, kuma wajen ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita a duniya baki ɗaya, ba ta iya faɗin arewa ko kudu. Za ta ce tsuntsu ya sauka tsakanin Damagaram da Gashuwa, ba za ta ce a kan wace bishiya ba. Wannan sai da ƙafa. Wata tawagar masana daga Holan ƙarƙashin Leo Zwarts ta yi shekaru tana ratsa Sahel da rani, tana tsayawa gindin bishiya bayan bishiya, dubban ɗaruruwa, tana ƙirga tsuntsayen da ke ciki. Abin da suka samu a fili yake. Baƙin tsuntsayen ba kowace bishiya suke hawa ba. Sun taru ne a kan 'yan jinsuna kaɗan, mafi yawa masu ƙaya: gawo, aduwa, kandili da danginsu, sai itacen asuwaki in ya yi 'ya'ya. Darbejiya da itacen turare kuwa kusan fayau suke.

Manomi ba zai yi mamakin wannan ba. Matan ƙauye na zuba ganyen darbejiya a rumbu ne don ƙwari ba sa son sa. Bishiyar da ke korar ƙwaro da ɗacinta ba ta da abin da za ta ba tsuntsun da ƙwaro ne abincinsa. Mai ƙaya kuwa da ƙayarta take kare kanta daga dabbobi, ganyenta da furenta na tara tsutsa da ƙananan ƙwari. Gawo kuma ya zo da wata baiwa ta daban: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Ku tsaya gindin babban gawo a watan Janairu da hantsi, lokacin da hunturu ya bushe komai, gonar ta zama kara da ƙura. Awaki na ƙasa suna jiran 'ya'yan gawon da za su faɗo. In kuka ɗaga kai kuka yi shiru na ɗan lokaci za ku fara ganin motsi a ƙarshen rassa, ƙananan tsuntsaye na bi ganye-ganye, wani ya rataye da ƙafa yana leƙa ƙarƙashin fure. Cikinsu akwai wanda aka ƙyanƙyashe a Sifen ko Faransa wata shida da suka wuce. Watannin da gawo ke da ganye su ne daidai watannin da baƙin ke nan.

Ban zo sukar darbejiya ba. Ta yi mana rana. Ita ce inuwar kasuwanninmu da makarantunmu, akuya ba ta cika damun ta ba, tana jure fari, tana saurin girma, kuma na fahimci dalilin da ya sa shingayen itatuwan da aka dasa a arewa tun shekarun baya yawancinsu ita ce da turare. Gawo yana da wuyar sha'ani a gandun reno. Saiwarsa doguwa ce mai nutsewa, leda na takura ta, shekarunsa na farko yana tafiyar hawainiya, dabbobi kuma na cinye shi tun yana ƙarami. Ma'aikacin da za a tambaya dashe nawa ya rayu a ƙarshen shekara dole ya karkata ga mai sauƙi. Matsalar tana wurin ma'aunin: muddin yawan dashe kawai ake ƙirgawa, jinsin da ya fi amfani zai ci gaba da zama a baya.

Kuma amfanin gawo ga mutum ya riga na tsuntsu. Gero da dawa sun fi yabanya a gindinsa, saboda ganyen da ya zubar taki ne kuma ba ya tare rana da damina. 'Ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Sarakunan Damagaram na da sun san haka, shi ya sa suka sa hukunci mai tsanani kan mai sare shi. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun sake nuna hanya tun daga shekarun 1980 da abin da suke kira sassabin zamani: manomi ba ya tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture, sai ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya rage sauran, ya kare su har su zama bishiya. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da leda ko tankar ban ruwa ba. Harshenmu ɗaya da su, ƙasarmu iri ɗaya, wani wurin ma gona ce kawai ta raba mu. Aduwa da gawo da magarya suna nan a ƙarƙashin gonakin Daura da Maigatari da Machina suna toho kowace shekara, ana sassabe su. Ga hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga ciki, sadaka ce gare shi. Malamin gona da ya shiga ƙauye da wannan ba zai sha wahalar bayani ba.

Akwai lokacin da rashin waɗannan itatuwa ke zama kisa kai tsaye, wato Maris da Afrilu. Kafin tsuntsu ya tunkari Sahara ya koma arewa, hamadar da faɗinta ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000 ba ci ba sha, sai ya tara kitse, wani har nauyinsa ya kusa ninkawa. A ƙarshen rani yake wannan, lokacin da ƙasa ta fi kowane lokaci talauci. Tun shekarun 1960 masana suka auna haka a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, inda suka ga tsuntsayen na ƙiba da 'ya'yan itacen asuwaki da ƙananan ƙwarin tafki. An sake komawa can da aikin zobe a ƙarshen shekarun 1990. Yau rashin tsaro ya rufe wannan ƙofar. Abin da ya rage mana mai girma shi ne dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda shi ma ambaliyarsa ta ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. An sa tafkin Nguru cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, a 2000, amma suna a takarda ba ya hana gatarin mai gawayi. Tsuntsun da bai samu ya ƙoshi a nan ba, cikin rairayi zai faɗi, kuma babu na'urar da za ta dawo ta ba da labarinsa.

Don haka roƙona na farko, kuma mafi girma, shi ne ku sa jinsi cikin ma'aunin nasara. A rahoton kowace jiha a rubuta gawo nawa, aduwa nawa, dakwara da bagaruwa nawa suka rayu bayan shekara uku, a kuma lissafa bishiyar da manomi ya raya daga kututture daidai da wadda aka dasa, a saka masa a kanta. Tsohon gawo guda da aka hana sarewa ya fi dashe masu yawa da ba a san makomarsu ba, don haka a haɗa kai da hakimai da dagatai da bulamai a kan tsofaffin itatuwan da ke tsaye.

Sannan ku buɗe wa masu bin sawun tsuntsaye ƙofa. Kuna da abin da ba su da shi: ma'aikata da filaye daga Kebbi har Borno. Akwai wani tsari mai suna Motus da aka fara a Kanada a 2014, inda ake sa wa tsuntsu 'yar na'urar rediyo, a kafa eriya a wurare daban-daban, duk wanda ya gifta kusa ta rubuta lambarsa, ba sai an sake kama shi ba. Tashoshinsa sun cika Amurka da Turai, Afirka kuwa 'yan kaɗan ne. Eriya mai aiki da hasken rana a Nguru ko Baturiya ba ta fi ƙarfin hukuma irin taku ba. Ku tura matasan ma'aikatanku Jos su koyi kafa raga da sa zobe da ƙidaya. Ƙidayar tsuntsu a filin da kuka farfaɗo kuma shaida ce a gare ku: dajin da ya rayu da gaske ƙwari da tsuntsaye ke komawa cikinsa, hoton sama kuwa kore kawai yake nunawa. Ya kamata a ce 'ya'yanmu ne ke riƙe da bayanan abin da ke faruwa a wannan gefen na hamada.

Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi sosai. Mutanenmu na tsintar tsuntsaye masu zobe ko na'ura, kuma a wannan zamani na tsoro abin da ke fara zuwa zuciya shi ne leƙen asiri ko sihiri. Ba mu kaɗai ba ne: a 2013 an tsare wata shamuwa a ofishin 'yan sanda a Masar saboda na'urar da ke bayanta. Sanarwa ta minti biyu a gidajen rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci za ta wadatar: in tsuntsun na da rai a ɗauki hoton lambar da waya a sake shi, in ya mutu a kai zoben ofishin gandun daji mafi kusa, tare da sunan gari da ranar da aka same shi. Haka kuma ina roƙon ku riƙa zama da ma'aikatar gona kafin jirgin feshin jan baki ya tashi. Ba wanda ke musun ɓarnar jan baki a gonar shinkafa da gero, amma maganin da ake fesawa ba ya tantance tsuntsu, kuma fadamun da jan baki ke kwana nan ne baƙin ma ke sauka.

Ba sabon alkawari nake nema ba. Nijeriya na cikin yarjejeniyar Bonn ta kare dabbobi masu ƙaura, wadda ta amince da tsarin kare tsuntsayen tudu na Afirka da Turai a 2014. A Abuja ma aka zauna a Nuwambar 2016 aka fitar da sanarwa kan amfani da ƙasa a Afirka ta Yamma ta yadda zai amfani mutane da tsuntsaye masu ƙaura. Hukumarku, da aka kafa da doka a 2015, ita ce ke da hannu a cikin ƙasar da waɗannan takardu ke magana a kai. Ina fatan kafin a fara cika leda a gandayen reno na damina mai zuwa, za ku gayyaci masanan Jos da manoman sassabin zamani na Maraɗi su zauna da jami'anku a fitar da jerin jinsunan da za a rena a kowace jiha, a kuma wallafa jerin don kowa ya gani.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mu damina mai albarka.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta daga ƙasar Haɗejiya